Ƙafafun Balaraba

Shafi na 23

Assalamu alaikum mutanen arziki. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in na sake yin kwana uku shiru za ta biyo ni gida. Baiwar Allah zauna abinki, ga shi na kawo. Sai dai mai raunin zuciya ya sha ruwa tukuna, don shafin yau ni ma da na rubuta shi ban ji daɗinsa ba.

*

Shitu bai tsaya karin kumallo ba.

Jiya da la'asar ya sauka daga motar gyaɗa a Rogo, ya ƙarasa Tsamiyar Lado a ƙafa, akwatin soja a ka, galan biyu na fetur a bayan jakin wani mutumin Fulatan da Allah ya haɗa su hanya. Shekara huɗu rabonsa da garin, tun ranar da aka zo neman direbobi don yaƙin Bama, can ƙetaren teku, aka tafi da shi. Amma yau ko 'yan sannu da zuwa bai jira ba. Yana sallame sallar asuba ya zaga bayan gidan Dagaci Alhassan, inda rumfar Balaraba take.

Balaraba ba mutum ba ce, ko da yake in ka ji yadda mutanen garin ke zancenta sai ka rantse 'yar Dagaci ce. Mota ce, baƙar Fodi mai rufin tamfol, wadda wani Bature mai awon gyaɗa ya bar wa Dagaci tare da direbanta, wato Shitu, lokacin da zai koma ƙasarsu. Ranar Laraba ta shigo garin, sunan ya bi ta. Ko a lokacin ba yarinya ba ce. Yanzu kuwa, a wannan shekara ta 1946, ka zaga daga garin Fulatan har garin Turawa ba za ka ga mai irin ƙafafunta ba. Na yanzu duk ƙafar ƙarfe gare su, ita kuwa nata na itace ne, sanda goma sha biyu a kowace ƙafa, sun fito daga cibiya kamar haƙarƙarin laima.

Kuma gobe Alhamis ita za ta kai Dagaci Ƙaraye, gaban sabon Di'o, Baturen mulki. Jiya a zaure tsohon ya riƙe hannun Shitu ya faɗa masa, shi kuwa ya bugi ƙirji ya ce an gama.

A bakin rumfar ya tarar da Gwaggo Maiturare, ƙanwar Dagaci, wadda Shitu ya damƙa wa amanar motar ranar da zai tafi. Tulu ne a gefenta, babu ruwa a ciki, ta riga ta yi aikinta na safe.

"Kai ɗan nan, ko koko ba za ka sha ba?"

"Gwaggo, bari in gan ta tukuna."

"To ai ga ta nan. Shiga ka ga amanarka. In ka samu ƙura ko ta cikin farce, ka tsine min."

Ta janye ƙyauren.

Ƙamshin turaren wuta ne ya fara tarbarsa. Sannan ya gan ta.

Wallahi sai da ƙwalla ta cika masa ido. Baƙin fentin nan yana ƙyalli kamar yau aka shafa, fitilun an goge, tamfol ɗin ko huji babu. Ya shafa murfin inji, ya kama sitiyari ya ɗan girgiza, ya matsa robar ƙahon ta yi masa kukanta na da, irin na tsohuwar agwagwa. Ya yi dariya shi kaɗai.

"Man kaɗanya nake shafa mata duk Juma'a," in ji Gwaggo. "Tayoyin kuma suna ɗakina a rataye cikin toka, yadda ka bar su."

"Allah ya saka miki da Aljanna, Gwaggo."

"Amin ɗan nan."

Sai ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa.

Dariyar ta ɗauke.

Da hannunsa ya ɗora motar a kan manyan duwatsu huɗu kafin ya tafi, ƙafafunta a sama, tsakaninsu da ƙasa kamu guda. Duwatsun suna nan. Amma kamu gudan nan babu shi. An cike wurin da jar ƙasa, an daɓe sumul, ƙasar ta hau ta rungume gindin kowace ƙafa. Ga daɓen a jiƙe, har gansakuka ta fito a gefe. Ƙafafun kuwa an naɗe su da tsummoki, su ma sharkaf.

"Gwaggo."

"Na'am."

"Wa ya yi wannan daɓen?"

"Ni mana. Wa zai yi in ba ni ba? Ka tafi ka bar baiwar Allah tana reto a sama kamar ragon da aka rataye. Wata uku ina kallonta haka, raina bai ba ni ba. Na sa aka kwaso min ƙasa daga bakin rafi, na cike mata ƙarƙashi, don ta samu wurin taka ƙafa ta huta."

"Ruwan fa?"

"Kullum. Tulu guda kowace safiya. Ko ranar da zazzaɓi ya kayar da ni sai da na rarrafo."

"Cewa na yi in bazara ta yi tsanani, a ɗan yayyafa wa itacen kada ya bushe ya saki. Da tafin hannu, Gwaggo. Sau ɗaya a mako."

"Na san haka ka ce. Amma ni na ga rowa ce. Motar da ta kai ni Kano ranar da mijina ya rasu, ita zan riƙa ɗiga wa ruwa kamar magani? Tsumman kuma don sanyin ya daɗe ne, yadda ake yi wa randa."

Da alfahari ta faɗa. Har tana gyara ɗaurin kallabi.

Shitu ya durƙusa. Ya kwance tsumman ƙafar gaba. Sandunan suna nan tsaf, baƙi wuluk, suna ƙyalli. Ya ɗora babban yatsa a kan guda ɗaya, ya danna.

Yatsan ya shige.

Jar ƙasa ta zubo masa a tafin hannu, da fararen ƙwari suna watsal-watsal a ciki.

Gara muguwa ce, kuma tana da wayo. Ba ta taɓa fenti. Cikin take cinyewa, ta cusa ƙasa a madadinsa, ta bar maka fatar waje tana maka murmushi. Shekara huɗu an shimfiɗa mata hanya har gindin itace, ana kawo mata ruwa kowace safiya, an lulluɓe ta kada rana ta dame ta. Ko baƙon Sarki bai samu wannan hidimar ba.

Ya rarrafa ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa kowace sanda da farce. Mai rai tana amsawa da ƙarfi, matacciya sai ta ce buf. Cikin arba'in da takwas, biyar ne suka amsa.

Ya zauna daɓas a cikin jiƙaƙƙen daɓen.

"Shitu, mene ne?"

Ya ci gaba da kallon tafin hannunsa.

"Ɗan nan, da kai nake. Mene ne wannan a hannunka?"

"Gara ce."

"Gara? A ina? Ni da nake share wurin nan safe da yamma?"

"A ciki take, Gwaggo! A ciki! Kin gina mata gida, kin yi mata rijiya, kin rufa mata bargo!"

Bai taɓa ɗaga mata murya ba tun da yake. Yau kam ta ƙwace masa.

"Na ja motar soja a cikin taɓon Bama, ruwa har gwiwa, abokaina na mutuwa dama da hagu. Kin san abin da nake tunawa in na rufe ido? Ba uwata ba, Allah ya gafarta min, ba matata ba. Motar nan. Ina cewa in dai Balaraba na nan, ni ma ina da wurin komawa. Ashe ƙasa nake tunawa! Ƙasa da fenti!"

Gwaggo ta matso a hankali. Ta miƙa yatsa ta taɓa wata sanda. Ta ga yadda ta lotsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta sulale ta zauna kusa da tulun.

"Ni ce?"

Nan take fushin ya zube masa, kunya ta maye wurin. Tsohuwa ce mai shekara sittin da ɗoriya, tafin hannunta duk kanta saboda igiyar guga.

"Ba ke ba ce, Gwaggo. Gara ce."

"A'a. Ni ce. Da na bar ta a rataye kamar yadda ka bar ta..."

"Ya isa. Ƙaddara ce. Laifina ne da ban yi miki bayani sosai ba." Ya share hannu a wando. "Gobe sai Dagaci ya hau doki. In Di'o ya tambayi mota, ni zan faɗi a gabansa in ce sakacina ne. Iyakaci ya zage ni da Turanci, na saba."

Gwaggo ta ɗago ta dube shi, irin kallon da bai gane ba.

"Doki," ta ce.

Ta miƙe da ƙyar, ta leƙa waje dama da hagu, ta ja ƙyauren ta rufe.

"Jiya da ka gaishe da Yaya a zaure, ya kalle ka?"

"Ya kalle ni mana. Har ya ce na rame."

"Ka rame? Kai da ka dawo da wuya kamar na bajimi?"

Shitu ya shafa wuyansa.

"Sai da ka yi sallama ya san inda kake tsaye. Shitu, Yaya ba ya gani."

"Gwaggo, daina."

"Shekara biyu ke nan. Da hazo-hazo ya fara, yanzu ko fitila ka kawo masa gaban hanci sai dai ya ji zafinta. Idon a buɗe yake tar, ni nake sa masa kwalli kowace safiya. Daga ni sai uwargidansa muka sani. Yau ka zama na uku."

"To shari'a fa? Jama'a fa? Yaya yake yi?"

"Da kunne. Babu muryar da bai sani ba a garin nan. A zaure yake wuni, inda babu haske. Daga shimfiɗarsa zuwa masallaci taku arba'in ne, ya haddace. Turaren nan da kake ji, kana tsammani don mota kaɗai nake kunna shi? Shi yake bi da hanci in zai zo ya shafa ta."

Shitu ya dafe kai da hannu biyu.

"Duk kiran da aka yi daga Ƙaraye, Isyaku yake turawa ya wakilce shi," ta ci gaba. "Ka san Isyaku, ɗan ɗakin su Baffa Sulle, waɗanda tun kakanni suke ganin rawanin nasu ne. Yaron nan ya fara shinshino wani abu. Ya je ya yi ta raɗa a can cewa tsoho ya gama aiki. Shi ne sabon Di'o ya aiko: gobe Dagaci ya zo da ƙafarsa, ba wakili. Kuma ya zo da motarsa."

"Da motarsa? Ina ruwan Di'o da mota?"

"An ce mayen tsofaffin motoci ne. In ya hango wata a hanya sai ya tsayar da tasa, ya kwanta a ƙarƙashinta da farin wandonsa. Tun da ya ji akwai mai ƙafar itace a ƙasar Rogo ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ranar da saƙon ya zo, Yaya har sujada ya yi. Ya ce Allah ne ya kawo mafita. Bature zai zuba wa Balaraba ido, ba zai kalli nasa ba. Kai za ka tsaya daidai bakin rumfar taro, ka buɗe masa ƙofa, ka kama hannunsa yadda direbobin manya ke yi, taku shida ya zauna. Shi ke nan."

"In doki ne fa?"

"In doki ne, a bakin kasuwa ake sauka. A taka fili a ƙafa, a gaban dagatai talatin, kowa na kallo. Wa zai ja shi? Kuma ka san Nasara ba ya barin makaho da rawani. A ranar za su warware shi su naɗa wa Isyaku. Shekara talatin da ɗaya yana kan sarauta, Shitu. A ƙofar gidan nan aka haife mu, a nan iyayenmu suke kwance. Sai mu kwashe tabarmi mu fita."

Ta fashe da kuka, amma a hankali, da bakin zane a baki, kada a ji a cikin gida.

"Wata huɗu yana tambaya ko an ji labarin jirgin sojoji. Kai yake jira. Ni kuma ina nan ina kashe shi da tulu."

*

Shitu ya tafi gidan Lukumanu masassaƙi da sanda ɗaya mai rai a cikin aljihun rigar soja. Ya same shi a gindin ɗorawa yana fafe turmi.

Bayan gaisuwa mai tsawo, wadda Shitu ya ji kamar ba za ta ƙare ba, ya fito da ita.

"Malam Lukumanu, irin wannan nake so. Guda arba'in da uku. Kowace daidai da 'yar'uwarta, ko gashi kada ta fi."

Lukumanu ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ɗan cije ta.

"Wannan itacen ba na ƙasarmu ba ne. Amma ƙirya za ta yi, in ta bushe sosai. Yaushe kake so?"

"Gobe da asuba."

Mutumin ya yi dariya har gizago ya faɗi daga hannunsa. Da ya ga Shitu bai yi ba, ya tsaya.

"Soja, ko aljanu na tara ba za su yi ba. Busasshiyar ƙirya kaɗai sai na je dajin Ruma na nemo. Ka ba ni wata biyu."

"Rabi fa? Ashirin?"

"Uku. In na hana kaina sallar azahar, huɗu." Ya ƙura masa ido. "Wai na mece ce?"

"Kujera ce," in ji Shitu. Ya karɓe sandarsa ya juya.

Ya san Lukumanu bai yarda ba. Duk garin babu wanda bai san wannan baƙin fentin ba.

Ya koma rumfa. Mutum in ya rasa abin yi sai ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya haƙe daɓen nan da fartanya ya kwashe, ƙafafun suka koma reto. Ya cike ramukan da yatsansa ya yi da ƙasa, ya shafe da baƙin tukunya da man kaɗanya. Ya ɗauko tayoyi ya hura, ya ɗaura su a hankali kamar mai sa wa gawa likkafani. Ya wanke fulogi, ya busa kafireto, ya zuba ruwa a lagireto, ya juye fetur. Yana yi yana zagin kansa, don ya san ado yake yi wa abin da ba zai taka ko taku ɗaya ba.

Tunanin duniya babu wanda bai yi ba. Motar gyaɗa sai ranar kasuwar Rogo take dawowa. Ƙafar wata mota ba za ta shiga cibiyar wannan ba. Ya ɗauke Dagaci su gudu? Su je ina?

Ana sallame la'asar ya ji hayaniya.

Garin ne gaba ɗaya. Labari ya zaga cewa soja zai tayar da Balaraba. Aka yaye zanan gaban rumfar, mata suka leƙo ta kan katanga. Gwaggo ta riga ta ajiye kaskon turare a bakin ƙofa, ta koma gefe ta tsaya kamar an dasa ta.

Ga Dagaci Alhassan tafe, farar riga, farin rawani, sanda a hannu, yana takawa a hankali irin takun manya. Idonsa ɗauke da kwalli, yana kallon gaba. In ba an faɗa maka ba, wallahi ba za ka sani ba. A bayansa Isyaku ne, dogo, da sabuwar hula, idonsa a kan ƙafafun tsohon, ba a kan mota ba.

Shitu ya yi sauri ya tare shi, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya miƙe ya kama masa hannu.

"Ranka ya daɗe, a hankali, akwai mai a ƙasa."

"Madalla da direba," in ji Dagaci da ƙarfi. "Kun ga abin da na rasa shekara huɗu."

Shitu ya shigar da shi kujerar baya. Ya ja birki, ya gyara totur, ya zaga gaba ya kama ƙarfen tayarwa. A ransa yana roƙon Allah kada ta tashi. In inji ya ƙi, ai inji ne, kowa ya san halin inji.

Murɗawa ta farko, shiru.

Ta biyu, ta yi tari.

Ta uku, Balaraba ta kama, kaf-kaf-kaf-kaf, hayaƙi ya turnuƙe, jikinta duka na rawa a kan duwatsu. Mata suka rangaɗa guɗa. Tsofaffi na ta kabbara. Wannan ƙarar ita ya yi shekara huɗu yana mafarki, yau ga ta, kuma bai taɓa jin abin da ya ƙi ji kamarta ba.

Dagaci ya yafito da hannu. Shitu ya zo ya sunkuya a bakin ƙofa. Ƙarar inji ta rufe su, babu mai jin abin da suke faɗa.

"Shitu."

"Ranka ya daɗe."

"Nawa suka rage?"

"Me... me fa, ranka ya daɗe?"

"Sandunan. Nawa gara ta bari?"

Shitu ya dafa ƙofar motar.

"Biyar."

"Bara da na lalluba, goma sha ɗaya ne."

"Ka sani?"

"Tun damunar bara yatsana ya shige ta baya."

"To me ya sa ba ka hana Gwaggo ba?"

"In ce mata me? Lokacin an riga an cinye. Na bar ta da tulunta, shi kaɗai ke fito da ita da safe. Na ce a raina, Shitu na nan tafe. Shi ba ya rasa dabara. Ya taɓa ɗaure mana ƙarfen da ya karye da igiyar rama muka kai Kano." Tsohon ya juyo da fuskarsa, idon nan mai kwalli ya sauka a kan kafaɗar Shitu, ba a fuskarsa ba. "Akwai?"

Shitu ya so ya yi ƙarya. Bakinsa ya ƙi.

"Babu, ranka ya daɗe."

"Lukumanu fa?"

"Wata biyu."

Dagaci ya gyaɗa kai a hankali. Hannunsa dai ya ƙanƙame sandar har jijiyoyi suka fito.

Sai ga muryar Isyaku ta keto hayaniyar.

"Baba Dagaci, Allah ya ja zamaninka! Ƙara dai mun ji, ko injin niƙa ma yana yi. A sauke ta daga duwatsun nan ta ɗan taka mana zuwa bakin masallaci, kada gobe a je a ji kunya a gaban Bature."

"Gaskiya ne! A sauke ta!" jama'a suka ɗauka, su da ba su san komai ba.

Dagaci ya yi dariya, irin dariyarsa ta da mai cika zaure.

"Isyaku ɗana, kullum cikin gaggawa. Za a sauke."

Ya lalubo bakin ƙofa kamar mai gyara zama, ya zamo ya zauna a kan matakalar ƙarfen da ke gefen motar, dab da ƙafar baya. Ya baza babbar rigarsa. Shitu na tsaye a kansa, shi kaɗai ya ga lokacin da tsohon ya lanƙwasa ƙafarsa ta dama ya cusa ta can ƙarƙashin matakalar, ya ja riga ya rufe.

"Ranka ya daɗe, tashi daga nan. In aka sauke ta, gefen nan ne zai..."

"Na sani. Da ta wannan gefen za ka fara."

"La'ilaha illallahu. Baba, a'a."

"Saurara. Mai karaya ba a kiransa Ƙaraye, sai dai a aiko a gaishe shi. Wata uku maɗori zai ɗaure ni a ɗaki. Kafin nan Lukumanu ya gama, wataƙila ma an canja Di'on, ba sa daɗewa."

"Ƙashin tsoho ba ya haɗewa, Baba."

"To ya ƙi. Na ga gurgu da rawani. Makaho ne ban taɓa gani ba."

"Wallahi ba zan iya ba. Ka sa wani."

"Wa? Isyaku?" Muryar ta yi ƙasa sosai. "Ranar da suka zo neman direba, da bakina na ba da sunanka, don su bar min 'ya'yan talakawa goma. Ba ka ce min a'a ba. Na san ban da bakin roƙonka, Shitu. Amma ina roƙo. Kada ka bari a ja ni a fili kamar akuya."

"Baba Dagaci, a matsa daga jikinta mana," in ji wani dattijo.

"Nan nake zama tun tana amarya," Dagaci ya amsa da fara'a. "A sauke ta da ni."

Shitu bai san lokacin da ya ɗauko jak ba. Ya ga dai hannunsa ya kafa shi a ƙarƙashin ƙarfen baya, yana murɗawa, motar na ɗagawa. Majiya ƙarfi biyu suka shiga suka mirgine dutsen suka fitar. Yanzu duk nauyin gefen nan a kan jak yake, tayar na reto, kamu guda tsakaninta da ƙasa.

Ya ɗago kai ya nemi Gwaggo.

Ba motar take kallo ba. Ƙasan rigar yayanta take kallo, inda ƙafa ɗaya kaɗai ta leƙo. Ta buɗe baki. Ta dubi Isyaku. Ta sa hannu biyu ta toshe bakin.

"Direba, me kake jira?" in ji Isyaku.

Hawaye na zuba a kan hannun Shitu, jama'a na tsammanin hayaƙi ne.

"Shitu," in ji Dagaci da ƙarfi, yana murmushi, fuskarsa na fuskantar mutanensa. "Da kai ake."

Ya yi bisimilla a zuci. Ya murɗa sau ɗaya. Ya murɗa na biyu.

Taya ta taɓa ƙasa.

Sanda ta farko ta ce ƙas.